Ɗanyen Ganye a Kwanar Ɗorawa

A tashar motar Birnin Gwari, in ka ce kana neman Salmanu, sai a tambaye ka wanne daga ciki. In ka ce Salmanu Walƙiya, ko mai sayar da rake zai nuna maka shi da baki. Gajere ne kakkaura, hularsa kullum a karkace, yana ɗan ɗingisa ƙafar dama. Shekarunsa sun doshi hamsin. Wanda ya ga irin tuƙin da yake yi a yau zai rantse da gatse aka laƙaba masa wannan suna, amma tsofaffin tasha sun san ba gatse ba ne, da guminsa ya same shi.

A Kusasu aka haife shi, shi ne auta cikin 'ya'ya bakwai na Inna Bara'atu. Tun yana ƙarami shi da fartanya ba sa ga maciji. In an tafi gona, kunnensa na can bakin hanya yana sauraren ƙugin mota. Da ubansa ya rasu, Inna ta ga in ta matsa masa da noma sai ta rasa gonar ta rasa ɗan, sai ta kai shi wurin Malam Ɗalha, wani tsohon direban motar hatsi, ta ce ga amana.

A nan ya tarar da Bakoji. Ɗan Fulani ne daga wajen Kazage, dogo siriri, wanda ciwo da ɓarayi suka gama da shanun gidansu, ya ajiye sanda ya zo neman sana'a. Salmanu ya riga shi gane komai. Cikin wata uku ya iya sauya giya ba tare da mota ta yi ƙara ba, Bakoji kuwa sai da ya shekara yana kashe mota a kan tudu. Amma ranar da Malam Ɗalha ya tashi ba da makulli a karon farko, sai ya miƙa wa Bakoji. Salmanu ya tambayi dalili, ido ya yi ja. Tsohon ya ce, "Kai hannunka ne ya iya, shi kuwa zuciyarsa ce ta iya. Hannu ba ya wuyar koya." Wannan magana ta zauna wa Salmanu a maƙogwaro, kuma a gaskiya ba ta taɓa wucewa ba.

Akwai wani darasi da Malam Ɗalha ya fi nanatawa, har suka gaji da ji. Ya ce hanyar daji ba ta da allo, da ganye take magana. In motarka ta mutu, kafin ka taɓa sifana, ka ɗauki adda ka saro rassa, ka jera su a kan titi tun daga nesa, gaba da baya, musamman in akwai kwana. Mai zuwa in ya ga ɗanyen ganye, ya san akwai mutum a gaba, sai ya sassauta. In kuma ka gyara za ka tafi, ka kwashe abinka. Yakan ce, "Ganyen da ka bari ya bushe a kan titi ƙarya ce ka bar wa 'yan'uwanka. Yau su taka birki ba kowa, gobe su taka ba kowa, jibi ba za su taka ba." Bakoji ya riƙe wannan kamar karatun allo. Salmanu ya riƙe rabin farko, don in motarsa ta tashi ba ya da lokacin komawa baya tsintar ganye.

Shekaru suka tafi, Malam Ɗalha ya riga mu gidan gaskiya, su biyun kowa ya samu ƙaramar motar fasinja a layin Kaduna. Nan ne sunan Walƙiya ya fito. Hanya ta lalace, ramuka sun yi yawa, ga shi dajin ya zama abin tsoro, ba mai son ya daɗe a cikinsa. Salmanu ya samu hujjar da ta yi masa daidai. Yakan bugi ƙirji ya ce a dajin nan mai gudu shi ke kwana gida. Samari da 'yan kasuwa masu sauri suna rububin motarsa, suna yi masa kirari, shi kuma yana ƙara taka totur.

Bakoji kuwa tuƙi yake kamar yana kora shanu zuwa mashaya. Kafin ya tashi sai ya zagaya mota ya duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa ruwa, ya gwada birki. Ba ya ɗaukar mutum biyu a gidan gaba ko za a yi masa kuka. In barci ya kama shi, sai ya tsaya a gari ya wanke fuska, fasinja su yi ta tsaki. Ko da rabin awa ya riga Salmanu tashi, sai Salmanu ya cim masa a hanya, ya wuce shi fuu, ya danna masa hon sau uku. Bakoji ya ɗaga hannu yana murmushi, kuma murmushin nan ya fi zagi ƙona wa Salmanu rai, domin mutum ba ya jin daɗin tsere da wanda bai san ana tsere ba.

Mata masu goyo, da tsofaffi, da masu kai marasa lafiya asibiti, duk motar Bakoji suke jira, ko da ta Salmanu ce a kan layi. Wannan bai dame shi sosai ba, yakan ce dama motarsa ba ta masu ciwon baya ba ce. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne na Inna.

Lokacin Inna Bara'atu ta tsufa, ta dawo gidansa a Birnin Gwari. Hawan jini ya sa likita ya ce ta riƙa zuwa Kaduna duk Talatar farkon wata. A gidansa take kwana, matarsa ke dafa mata abinci, shi ke rako ta tasha da jakarta a hannu. Amma da sun iso, sai ta karɓi jakar, ta wuce motarsa kamar ba ta san mai ita ba, ta je ta shiga ta Bakoji. Tana da kujerarta da kowa ya sani, ta can baya, gefen hagu, jikin taga.

Ya yi lallashi. Ya ce, "Inna, ga gidan gaba na ajiye miki, ke kaɗai, ba mai matsa miki."

Ta ce, "Auta, ni tsohuwa ce, ba na sauri. Asibitin ba gudu zai yi ba."

Ya sayo sabuwar rigar kujera mai laushi, ya sayo ɗan matashin kai, ya yi alkawarin zai tafi a hankali. Ta shafa matashin ta ce yana da kyau, Allah ya yi albarka, sannan ta ɗauke shi ta tafi da shi motar Bakoji. 'Yan tasha kuwa ba su da aiki sai irin wannan. Duk Talatar farkon wata sai an samu mai cewa, "Walƙiya, yau ma Inna ta ƙi ka?" Ya yi dariyar yaƙe ya ce ai tsofaffi sai a hankali, amma ranar ko abincin rana ba ya iya ci.

Shi Bakoji, bawan Allah, bai san yana zuba gishiri a gyambo ba. Dada yake kiranta, yadda Fulani ke kiran uwa, ita kuma ta ce masa ɗan Fillona. Wata rana da yamma ya samu Salmanu yana wanke mota, ya ce cikin murna, "Salmanu, yau Dada ta sha barci. Tun kafin Udawa ta jingina kai, ba ta farka ba sai Buruku. Har da minshari, wallahi, fasinja suna ta dariya."

Salmanu ya ci gaba da goge gilashi. Kishi ne, ba wani suna da za a ba shi, kishi mai zafi irin wanda babba ke jin kunyar faɗa. Matar da ta goya shi, wadda ko a gida barcinta ba nauyi, ita ce ke sakin jiki ta yi minshari a bayan wani ƙato, shi kuwa ko ƙofar motarsa ba ta taɓa riƙewa ba. Daga ranar ba abin da yake so a duniya kamar ya ga Inna a cikin motarsa. Da za a ce ya zaɓa tsakanin wannan da kujerar Makka, sai ya yi dogon tunani.

Abin ya faru wata Talata a tsakiyar damina. An yi ruwa da asuba, titi a jiƙe, ciyawa ta yi tsawo har ta rufe gefen hanya. Bakoji ya cika ya tashi da Inna wajen ƙarfe bakwai. Motar Salmanu ba ta cika ba sai bayan minti arba'in. Yana shirin tashi wani ɗan kamasho ya leƙo ya ce, "Yau kam sun yi maka nisa, sai dai ka tarar Inna ta ga likita." Salmanu ya ce in bai wuce su kafin Udawa ba a canza masa suna. A ransa ya riga ya tsara komai: zai wuce su da hon uku, ya riga su isa Kaduna, ya tsaya a tasha, in sun iso shi zai buɗe mata ƙofa ya ce, Inna, sai yanzu?

A gidan gaba akwai wani malamin makaranta mai suna Gideon. Tun da suka bar gari yake kallon allurar maleji yana gyara zama. Can ya ce, "Direba, don Allah a sassauta, muna da iyali." Salmanu ya ce, "Malam, kowa na da iyali. A dajin nan mai gudu shi ke kwana gida." Gideon ya riƙe ƙofa gam.

Akwai wata kwana da direbobi ke kira Kwanar Ɗorawa, saboda wata babbar ɗorawa da ke kan tudu a gefenta. Hanya ta lanƙwasa dama, ba ka ganin abin da ke gaba sai ka shiga. Tun da sauran tazara Salmanu ya ga reshe a kan titi. Ya ga na biyu, ya ga na uku. Kore ne shar, saran adda ne sabo, an jera su da tazara daidai wa daida, irin jerin da mutum ɗaya ne ya koya musu shi. Idonsa ya gani, kuma kansa ya karanta.

Daga baya ya ba mutane dalilai iri-iri. Ya ce hanyar cike take da ganyen ƙarya, shekara da shekaru yana taka su ba kowa a gaba, kuma wannan gaskiya ne, sai dai da yawa daga cikinsu shi ya bar su. Ya ce ya ji tsoron kada tarkon mutanen daji ne, wannan ma ana yi. Amma tsakaninsa da Allah ya san ba ɗaya daga ciki. Lissafi yake yi cewa motar Bakoji ba za ta wuce kwana biyu ko uku a gabansa ba, in ya taka birki yanzu zai yi asarar gudun da ya tara. Bayan motar Bakoji yake nema ido rufe, sai kuwa ya same shi.

Motar tana tsaye a gefen dama, an ɗaga ta a kan jak, rabin jikinta a kan kwalta don ba wurin da za ta sauka. A ɗaya hannun ga babbar motar gawayi tana tahowa, ba wurin kaucewa. Ya taka birki da duk ƙarfinsa, tayoyin da suka suɗe suka ja a kan jiƙaƙƙen titi kamar an shafa musu sabulu. Gideon ya yi ihu, na baya suna salati. Ya daki motar Bakoji ta baya, gefen hagu.

Da ƙarar ta lafa, abin da ya fara gani ta fasasshen gilashi shi ne ɗan matashin kan nan da ya saya, ya maƙale tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Kujerar baya ta hagu ta naɗe, ta shige cikin ta gabanta. Bai san ƙafarsa ta karye ba. Ya banke ƙofa ya faɗo ƙasa, yana jan jiki a cikin taɓo, yana kiran Inna da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

Daga kan tudu, ƙarƙashin ɗorawa, aka ce, "Auta, ga ni nan."

Tana zaune a kan ɗankwalin da wata mata ta shimfiɗa mata, sauran fasinjojin Bakoji na tsaye kewaye da ita. Ashe da tayar Bakoji ta fashe, bayan ya jera ganye, sai ya ce kowa ya fito ya hau tudu, ba a zama cikin mota a kan kwana. Kowa ya fita sai Inna, ta ce barcinta bai ishe ta ba, a ƙyale ta. Bakoji ya tsaya a kanta ya ce, "Dada, ko ki fito ko in goya ki." Ta fito tana yi masa faɗa. Ko minti goma ba a yi ba Salmanu ya iso.

Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Gideon ya karye a hannu, wata mata ta fashe a goshi, saura suka sha buguwa. Bakoji, wanda ya tafi ƙara ganye ta ɗaya ɓangaren, ya dawo a guje. Ko kallon motarsa bai yi ba, ya sunkuya ya saɓi Salmanu a baya ya hau da shi tudu.

Wani zai ce ai daga nan kishi ya mutu. Ina! Wata uku Salmanu na kwance da ɗori, shugabannin tasha sun dakatar da shi, kuma kusan kullum sai Bakoji ya zo da ƙwaryar kindirmo, ya zauna ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Masu zuwa dubiya kuwa, da sun ce sannu sai su juya yabon Bakoji, yadda ya jera ganye, yadda ya fitar da tsohuwa. A da Bakoji direban Inna ne kawai, yanzu ya zama wanda ya ceci ranta, daga hannun ɗanta kuma. Salmanu yakan juya fuska bango ya yi kamar barci yake.

Wata rana da hantsi Inna na zaune a bakin gadonsa tana ɓare gyaɗa, abin ya ci ƙarfinsa. Ya ce, "Inna, da tun farko kin yarda kin shiga motata, da duk wannan bai faru ba. Me Bakoji ya fi ni? Shi kika haifa ko ni?"

Ta tattara ɓawon gyaɗar a gefen zane, sannan ta ce, "Kai na haifa, shi ya sa. Auta, ni ba mutuwa nake tsoro ba, na ci zamanina. In na mutu a motar ɗan Fillo, za a ce hatsari ne, ka yi kuka ka share hawaye, ka ci gaba da rayuwarka. In na mutu a taka fa? Da wane ido za ka kalli yayyenka? Wane barci za ka ƙara yi? Na ga yadda kake tuƙi, na ce ba zan bari ajalina ya biyo ta hannunka ba. Na guje maka abin nan shekara shida, sai ga shi ka biyo ni da shi har Kwanar Ɗorawa."

Ta tashi ta fita da gyaɗarta. Salmanu ya ja mayafi ya rufe kansa, ƙaton mutum mai 'ya'ya biyar, ya yi kuka har matarsa ta leƙo ta koma.

Da ya warke aka mayar da shi layi, sai da ya fara zuwa gidan Gideon ya durƙusa ya nemi gafara. Ya canza tayoyi huɗu. Ya sa adda a but. In ya ga busasshen ganye a kan titi, inda wurin ke da gari kusa, sai ya tsaya ya sauka da ɗingishinsa ya kwashe ya watsar a daji. Samarin da ke yi masa kirari suka koma motar wasu, 'yan tasha suka ce Walƙiya ta zama fitilar ƙwai. Bai ƙara yi wa Inna maganar shiga motarsa ba. Duk Talatar farkon wata yakan rako ta, ya sa mata jaka a motar Bakoji da hannunsa, in ya cim musu a hanya sai ya bi bayansu har Kaduna. Kishin bai tafi ba, kada a yi masa ƙarya. Duk sanda ya hango kanta jingine da taga, sai ya ji abin ya soke shi. Wani lokaci yakan ga ta waiwayo ta gilashin baya tana kallonsa, ba ta ɗaga hannu, kallo kawai. Haka aka yi shekara guda cur.

Ranar wata Talata, motarsa ce a kan layi, ta Bakoji na biye. Ya ɗauki jakarta zai nufi inda ya saba, sai ta ce, "Ina za ka kai min kaya?" Ta buɗe ƙofar motarsa da kanta. Ya yi sauri zai buɗe gidan gaba, ta ce a'a, baya za ta zauna, gefen hagu.

Salmanu bai taɓa tuƙi da taka-tsantsan irin na ranar ba. Kowane rami sai ya lallaɓa shi. Yana leƙen madubi, Inna na zaune ƙyam, carbi a hannu, ido a kan hanya. Suka wuce Kwanar Ɗorawa idonta biyu. Suka wuce Udawa idonta biyu. Ya ce a ransa ba komai, shigar ma ta isa. Can sai ya ga carbin ya daina motsi. Kanta ya karkata a hankali ya jingina da taga. Jim kaɗan wani fasinja ya ƙyalƙyale da dariya ƙasa-ƙasa, domin tsohuwa ta fara minshari.

Daidai nan wata mota ta bayyana a madubi. Bakoji ne, ya cim masa, abin da bai taɓa faruwa ba cikin shekara ashirin da wani abu. Ya bi bayansa na ɗan lokaci kamar mai jin nauyi, da hanya ta miƙe ya ga ba kowa, sai ya fito ya wuce, ya ɗaga hannu da murmushin nan nasa. Ƙafar Salmanu ta dama, mai ɗorin, ta yi ƙaiƙayi a kan totur. Hannunsa ya kai kan hon da kansa. Sai ya dubi madubi, ya ga bakin Inna a ɗan buɗe, mayafi ya zame mata a kafaɗa. Ya janye hannun ya mayar kan sitiyari, ya bar Bakoji ya yi nisa har ya ɓace, ya ce wa na kusa da shi ya rage murya, Inna na barci.